Ruwan da Ya Taɓa Kan Mikaere

Duk wanda aka haifa a ƙauyenmu na tsibirin Nonouti a shekarun can baya, in ka duba cibiyarsa, aikin Nei Baurina ne. Ita ce ungozomarmu. A wajenmu Nei ake sa wa mace a gaban suna, namiji kuma Ten. 'Ya'yana bakwai, shida a hannunta suka faɗo, na bakwan ne kawai ya zo bayan ta kwanta dama. Gajeriya ce kakkaura, ƙafafunta duk faso, carbinta kullum a wuya har ya yi sheƙi don shafa. Kafin ka gan ta za ka ji ƙamshin man kwakwa da na taba. Kwalba biyu ba sa rabuwa da kwandonta, ɗaya ta man da take shafa wa mai ciki, ɗaya ta ruwa mai tsarki da katikis, malamin cocinmu, yake cika mata.

A lokacin ƙauyen kashi biyu ne. Arewa mu Katolika, kudu Kamatu, wato 'yan Furotesta. Kowa da cocinsa, kowa da maƙabartarsa, kowa da maneabarsa, babban zauren da ake taro. Mu ƙararrawa muke kaɗawa, su kututturen icce suke bugawa. Abu ɗaya ne ya haɗa mu, rijiyar da ke tsakiya, don ita kaɗai ce ruwanta ba ya saurin yin gishiri.

A bakin rijiyar nan Baurina ta yi ƙawa tun suna yara. Nei Tekarei, doguwa siririya, 'yar dattijon cocin Kamatu. Iyayen kowacce sun yi duka sun gaji, ba su rabu ba. Kuma ba a taɓa jin sun yi wa juna magana mai daɗi ba, har suka tsufa.

"Neiko," in ji Tekarei, haka mata ke kiran juna a wajenmu, "yau Juma'a, an hana ku nama ko? Sannunku da haƙuri. Kifi za ku ci, kamar jiya, kamar shekaranjiya."

"Gara mu," in ji Baurina. "Ku da ko wuta ba kwa hurawa ran Lahadi? Ku ci kwantan kifi, ku shiga coci kuna waƙa kamar ana jan alade."

"Aladen ya fi ku murya."

"Miƙo gugan, dogon banza."

Suna 'yan mata ƙanana, in Baurina ta taso daga karatun katikis, sai ta zo bayan rijiya ta maimaita wa Tekarei duk abin da aka koya musu, ba don ta koyar da ita ba, don ta yi mata gori. Wanda ta fi so shi ne na baftismar gaggawa. Katikis ya ce in jariri zai mutu, babu Fada kusa, kowa na iya yi masa. Sai su naɗe busasshiyar kwakwa a tsumma, ita ce jaririn. Baurina ta zuba ruwa sau uku tana faɗin kalmomin da ƙarfi.

"Yau ni zan zuba," Tekarei takan ce.

"Ke? Ke Kamatu ce. Riƙo kawai naki."

Haka Tekarei ta yi ta riƙon kwakwa, ba a taɓa ba ta kofin ba.

To, suka girma, kowacce ta yi aure a ɓangarenta. Sai aka shiga babban fari. Wata goma sha huɗu ko ɗigon ruwan sama babu. Ramukan gwaza suka ƙone, kwakwar ƙauye ta ƙanƙance, rijiyar tsakiya ma sai da ta fara ɗaci. Mutane suka riƙa tsallaka tekun ciki, wato ruwan da tsibirinmu ya kewaye, da kwalekwale zuwa wani ɗan tsibiri da ba kowa sai tsuntsaye, don can kwakwa ba ta gama mutuwa ba, kuma akwai kifin shanyawa. Yunwa ba ta tambayi cocin kowa ba, sai mijin Baurina da mijin Tekarei suka haɗa kwalekwale ɗaya. Baurina na da cikin fari, wata bakwai da 'yan kwanaki. An ce ta zauna, ta ce ita ba ƙwai ba ce. Ta bi mazan, ita da Tekarei.

Kwana na uku da safe mazan suka sauko da ɗanyar kwakwa, suka tara a gindin bukka, suka ɗauki sauran ruwan sha suka fita kamun kifi can nesa. Rana ba ta kai tsaka ba naƙuda ta taso. Ba uwa, ba ungozoma, sai Tekarei da wuƙar fasa kwakwa. Baurina ta sha wuya, jini ya zuba sosai, tana jin an ce namiji ne sai duniya ta yi mata duhu.

Da ta farfaɗo, ta ga Tekarei durƙushe kusa da ita, zanenta jiƙe har gwiwa, da yaron a naɗe. An wanke shi, gashin kansa da lema. Ƙarami ne ƙwarai, leɓensa ya yi shuɗi, numfashinsa kamar na ɗan tsuntsu. Baurina ba ta taɓa haihuwa ba, amma tana gani ta sani.

"Ruwa," ta ce. "Neiko, ba ni ruwa maza."

"Sun tafi da shi."

"Ko kaɗan babu?"

Tekarei ta nuna da haɓa. "Ga teku nan."

"Tekun da muke wanke ƙazanta? Inda yara ke tsuguno kowace safiya? Shi zan zuba wa ɗana da sunan Allah?" Ta waiga, idonta ya faɗa kan tulin ɗanyar kwakwa. "Fasa min waccan. Ƙaramar."

Ku da kuka san wajenmu kun san darajar ruwan ɗanyar kwakwa. Shi ake ba baƙo mai girma, shi ake ba majinyaci, shi ake fara ɗiga wa jariri a baki. Hannu bai taɓa shi ba, ƙura ba ta shiga ba, Allah ne da kansa ya rufe shi a can sama. A ganin Baurina ba ruwan da ya kai shi tsarki a duk tsibirin.

Tekarei ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta rufe. Ta fasa kwakwar, ta miƙa, ta tallafo yaron yadda ta saba tallafo waccan ta tsumma. Baurina ta zuba sau uku.

"Mikaere, ina yi maka baftisma da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki."

Kafin ruwan teku ya sake cikowa, yaron ya rasu a ƙirjinta. Da mazan suka komo aka naɗe shi a tabarma aka tsallako da shi. Katikis ya tarye su a bakin gaɓa, tambaya ɗaya ya yi.

"An yi masa?"

"Na yi masa da hannuna."

Bai tambayi da me ba, ita kuma ba ta ga abin faɗa ba. Ya rubuta a littafin coci, aka binne Mikaere a maƙabartar Katolika, can gefen da ke kallon teku. Baurina ta taho da kwakwa mai tsiro daga ɗan tsibirin, ta dasa a kan kabarin.

Daga nan ta fara bin tsohuwar ungozoma tana koyo, don ta ce ba za ta sake barin mace ta haihu ba wanda ya iya ba. Allah ya ba ta 'ya'ya mata uku daga baya, namiji bai sake zuwa ba. Ta yi shekara talatin tana karɓar haihuwa, arewa da kudu, don Kamatu ma ita suke kira, sai dai su ce ta ajiye kwalbarta ta biyu a waje. Ta iya juya ɗa a ciki da tafin hannu. Ta iya zagi kuma. In mace na ihu sai ta ce, "Ranar da kike dariya a bayan kwalekwale ba ki kira ni ba." Ba ta karɓar komai sai ɗan busasshen kifi ko taba.

Amma abin da muka fi tunawa da ita shi ne ranar da haihuwa ba ta zo da daɗi ba. In ta zuba wa jariri ruwan kwalbarta ya tafi, takan zauna kusa da uwar ta riƙe mata ƙafa.

"Daina kuka haka. Mikaere na can. Shi ne babba, zai karɓe shi a ƙofa, ya nuna masa wuri."

Ni ma ta faɗa min haka, a kan na huɗu. Duk matan ƙauye mun san Mikaere kamar mun taɓa goya shi. Kowace Asabar tana share kabarinsa, ta zuba sabuwar farar tsakuwa, ta ba shi labarin wanda aka haifa a makon. Kwakwar ta yi tsawo har ta fi rufin coci.

Ana nan sai autarta, Nei Akineti, ta ce ba wanda take so sai Ten Rimon, ɗan Tekarei. Ƙauye ya ɗauka. Dattawan kudu suka yi zama, na arewa suka yi nasu. Daga ƙarshe Rimon da kansa ya ce zai shigo Katolika, ba wanda ya tilasta shi. Baurina kuwa kamar an naɗa ta sarauta. Ta je rijiya da sassafe don kawai ta jira Tekarei.

"Neiko, ki zo da sabulu ran nan. Za mu wanke wa ɗanki Kamatu tas, daga kai har ƙafa."

"Ku wanke. In ya fito fari ku dawo min da shi."

"Sabon suna ma za mu ba shi."

"Ku ba shi goma. In na kira Rimon zai amsa."

Da, haka ake yi. Tsohon Fada Bafaranshe mai gemu, in Kamatu ya shigo, yakan sake zuba masa ruwa, wai ko da na farkon bai yi daidai ba. Amma shi ya tsufa ya tafi. Wanda ke zagayo mu a lokacin saurayi ne, Fada Tominiko, ɗan tsibiran arewa, mu Tama muke ce masa, wato Baba. Sau ɗaya a wata biyu jirgi ke kawo shi.

Da ya zo, aka taru a maneaba, maza a gefensu, mata a namu. Ya kira Rimon gaba ya tambaye shi ko an taɓa yi masa baftisma. Rimon ya ce faston Kamatu ya yi masa yana jariri. Da me? Da ruwan rijiya. Da wane suna? Wani dattijon kudu da ya rako shi ya ce da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki, kamar kowa.

"To an gama," in ji Fada. "Ba zan sake ba. Zai furta bangaskiya a gaban jama'a, a shafa masa mai, ya karɓi Jibin Ubangiji. Amma baftisma ɗaya ce, kuma ya riga ya samu."

Baurina ce ta fara magana, ita da ba ta jin kunyar kowa.

"Tama, ban ji da kyau ba. Ruwan Kamatu?"

"Iya, rijiya ɗaya kuke ɗiba."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Hannun fa? Hannun fasto ne."

"Hannun na fasto ne, amma mai yin baftismar Almasihu ne. Wanda duk aka zuba wa ruwa da sunan nan uku, ya zama na Almasihu, ɗan'uwanmu ne. Ban ce ba abin da ya raba mu ba. Akwai, har yanzu ba ma cin Jibi tare, kuma abin baƙin ciki ne. Amma ta ƙofa ɗaya muka shigo." Sai ya juya ga sauran mata, don ya ga dama ta koyarwa. "Ku ma ku riƙe wannan, ku da kuke wajen haihuwa. Abu uku ne: ruwa, da kalmomin, da niyyar yin abin da Ikilisiya ke yi. Ruwan kuwa kowane iri, na rijiya, na sama, na teku, in dai ruwa ne na gaske. Ba bammi ba, ba shayi ba, ba ruwan kwakwa ba."

"Bammi ai sai dai a yi wa mijina," wata ta ce daga baya, maneaba ta sake fashewa da dariya.

Ba wanda ya lura da Baurina. Ta zauna kamar an dasa ta, hannunta a kan carbi, bai motsa ba. Da aka tashi ba ta tsaya shan shayi ba. Ta bi ta bayan coci ta tafi maƙabarta.

Kashegari da hantsi ta sami Fada shi kaɗai a inuwar coci yana gyaran takalminsa. Ta durƙusa ta faɗa masa komai, farin, da ɗan tsibirin, da kwakwar. Ya ajiye takalmin.

"Tama, kar ka lallashe ni. Ya yi ko bai yi ba?"

"Iya, ba zan yi miki ƙarya ba. Ruwan kwakwa ba ya yin baftisma."

"To."

"Amma ki saurare ni. Allah ya ba mu baftisma, bai ɗaure hannunsa da ita ba. Ya ga abin da kika nufa a ranar. Yesu da kansa ya ce a bar yara su zo gare shi. Ikilisiya na miƙa irin waɗannan yara ga jinƙansa, da sa zuciya mai ƙarfi. Ba ki yi zunubi ba, kuma ba mai taɓa kabarin."

"Jinƙai na sani, Tama. Tun kafin a haife ka nake jin labarinsa." Ta share hanci da bakin zane. "Amma ga teku nan a gabana, taku goma. An nuna min, na ƙi. Ni na ce ya yi ƙazanta. Kuma shekara talatin ina gaya wa matan mutane Mikaere na bakin ƙofa yana karɓar 'ya'yansu. Ashe shi na bari a waje, ina shigar da na wasu."

Ya yi mata magana mai yawa, mai kyau kuma, ta ce ta gode. Ran Lahadi ta zo Misa ta zauna can baya, ba ta tashi karɓar Jibi ba. Aka kira ta haihuwa a kudu, ta je ta yi aikinta ba zagi ko ɗaya, har mai naƙudar ta tsorata ta ce ko mutuwa za ta yi ne aka ɓoye mata. Rijiya kuwa ta daina zuwa, sai ta aiki Akineti.

Kwana shida Tekarei na zuwa rijiya ba abokiyar faɗa. A na bakwai ta ajiye gugan, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta shiga maƙabartar Katolika da rana tsaka. Ta tarar da Baurina zaune a gindin kwakwar, tsintsiya a gefe, ba ta yi sharar ba.

"Ashe nan kika ɓuya. Don an hana ki wanke min ɗa shi ne kike zaman makoki? Zo in ba ki aladena ki wanke."

Baurina ba ta ɗago ba.

"Neiko. Magana nake."

"Kin tuna kwakwar da kika fasa min?"

Tekarei ta lanƙwashe dogayen ƙafafunta ta zauna a kan tsakuwar.

"Tama ya ce ba ta yi ba. Ruwan kwakwa ba ruwa ba ne. Da na teku na zuba, da ya yi. Kin nuna min, na zage ki."

"Na teku yana yi?"

"Yana yi."

"Ko wa ya zuba?"

"Ko wa. Har ku, wai." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ba ki ji abin da ya ce a kan Rimon ba?"

Sai Baurina ta ga abin da ba ta taɓa gani ba tun suna yara. Tekarei ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta na girgiza.

"Ke kuma fa? Ɗana ne ko naki?"

"Ki yafe min, Baurina." Rabon da ta kira ta da sunanta har an manta. "Na yi miki wani abu a tsibirin nan. Shekara talatin ina ɗauke da shi."

"Me kika yi?"

"Da kika suma, na yanke cibiya, na kai shi bakin ruwa in wanke. Sai ya daina motsi a hannuna. Na jijjiga shi, na kira ki, ba ki ji ba. Na ce wannan zai tafi kafin uwarsa ta farka, kuma in ta farka ta ji ba a yi masa ba, ba za ta sake zama mutum ba. Sai na ɗebi ruwan da tafin hannuna."

Baurina ta kama hannunta ta riƙe gam. "Ki ce me?"

"Na zuba masa. Sau uku, yadda kike yi wa kwakwar nan ta tsumma. Na faɗi kalmomin. Ai na haddace su, sau nawa na ji su ina riƙo? Yana jin sanyin ruwan sai ya ja numfashi, na rugo da shi."

"Kika yi shiru!"

"To in ce me? Kin farka kina cewa teku ƙazanta ne. Kuma ni Kamatu ce, riƙo kawai nawa, ke kika faɗa. Na ɗauka ko dai nawa bai yi ba, ko kuma ya yi na mayar miki da ɗa Kamatu, kuka binne shi a nan bisa kuskure. In babana ya ji mace ta yi aikin fasto, kashina ya bushe. In ke kika ji na riga ki, ki ce na sace miki shi. Duk Asabar ina hango ki daga hanya kina shara, sai in kau da kai in wuce."

Baurina ta miƙe tsaye. Ba ta saki hannun ba.

"Tashi."

"Ina?"

"Tashi, dogon banza, kafin jirgi ya tafi da shi."

Mutane sun gan su ran nan, gajeriya na jan doguwa ta tsakiyar unguwar Katolika, Tekarei na cewa a sake ta ta gyara zanenta. Fada na haɗa kayansa. Tekarei ta toge a bakin ƙofa, ta ce ita ba ta shiga ɗakin da ke da gumaka. Ya fito ya same su a waje, ya zauna a kan dutse, ya sa ta faɗa daga farko.

"Ruwan ya taɓa kansa?"

"Har ya gangaro ta kunnensa."

"Yana da rai a lokacin?"

"Ya ja numfashi bayan nan. Ya kai har la'asar."

"Faɗa min abin da kika ce, yadda kika ce."

Tekarei ta kalli Baurina, ta sunkuyar da kai, ta faɗa a hankali. "Ina yi maka baftisma da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Suna ne kawai ban sa ba, don ban san wanda uwarsa ke so ba."

"Me kike nufin yi, da kika zuba?"

"Ni ban san karatunku ba, Tama. Abin da wannan za ta yi in da tana farke, shi na yi."

Fada ya dube su su biyun, idonsa ya kawo ruwa.

"Iya Baurina, an yi wa ɗanki baftisma. Cikakkiya. Tun kafin ki buɗe ido."

Baurina ta zube a ƙasa. Kukan da ba ta yi a ɗan tsibirin ba, da wanda ba ta yi a maneaba ba, ranar ta yi shi, har matan makwabta suka fito. Tekarei na tsaye a kanta tana cewa, "To ya isa, kina tara mana mutane," ita ma hawayen na zuba.

Da ta lafa, ta ɗago.

"Tama, to shi yanzu namu ne ko nasu?"

"Na Almasihu ne. Ke kika haife shi, a cikin Ikilisiya kika nufa ya tashi, nan yake kwance, nan zai zauna." Ya aika aka ɗauko tsohon littafin katikis, ya nemo shekarar farin, ya sami sunan Mikaere. A gefen da aka rubuta wanda ya yi baftismar, ya ƙara sunan Nei Tekarei.

"Me ya rubuta?" in ji Tekarei.

"Sunanki. Kin shiga littafin Katolika, neiko. Ba fita."

"Ku goge! Babana zai tashi daga kabari."

"Ya tashi. Ni zan tare shi."

An yi bikin Rimon da Akineti bayan wata biyu, ba a zuba masa ko ɗigo ba. Tekarei ba ta bar cocinta ba, Baurina ba ta bar nata ba, faɗan rijiya ya dawo har ya fi na da. Sai dai daga ranar, sharar Asabar ta zama ta mutum biyu. Ɗaya na shara, ɗaya na cewa ba a share nan ba. In sun gama sai a sauko musu da ɗanyar kwakwa daga bishiyar Mikaere, su fasa guda ɗaya su sha tare.

Baurina ta ci gaba da karɓar haihuwa har ƙafafunta suka gaza. In ranar baƙin ciki ta zo, takan riƙe ƙafar uwar kamar da, ta ce Mikaere na bakin ƙofa. Amma ta ƙara wani abu. Takan ce wa matan da ke koyo a hannunta, na arewa da na kudu, in kwalba ta ƙare kada su tsaya neman mai tsabta, teku na nan.

Tekarei ce ta riga tafiya. Ranar jana'izarta Baurina ta sa aka ɗauke ta a kan tabarma aka kai ta cocin Kamatu, karo na farko a rayuwarta. Ta zauna a gaba da carbinta a wuya, ba wanda ya ce ta cire. Da suka fara waƙa sai aka ji ta tana bi, duk baitocin, ashe ta haddace su tun daga bakin rijiya. Da aka fito wata jikar Tekarei ta ce, "Kaka, ashe kin iya waƙarmu."

"Waƙar jan alade? Wa bai iya ba." Ta goge ido. "Ku kai ni gida ta hanyar maƙabarta. Zan gaya wa Mikaere ya tsaya a ƙofa, wadda ta zuba masa ruwa na tafe."

Yanzu an sa famfo, ba mai zuwa rijiyar tsakiya, ciyawa ta rufe bakinta. Kwakwar dai tana nan, ta tsufa ta karkata wajen teku, ba ta cika 'ya'ya kamar da ba. Jikokin Rimon da Akineti ne ke zuba farar tsakuwar.